Muhammadu Bakatsine, gwanin lissafi

A ƙarni na 18 an yi wani babban malami mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafillace ne, mutumin Katsina, birnin da ke kudu da Maraɗi. Larabawa suna ce masa Alkashinawi, wato Bakatsine.

Ya yi karatu wajen manyan malamai na ƙasar Hausa da na Barno. Ya koyi Larabci da addini da ilimin taurari, amma an fi saninsa da lissafi. Daga baya ya ɗauki hanyar Makka don aikin hajji. A wancan zamani babu mota, babu jirgi, sai ƙafa da raƙumi. Bayan hajji ya zauna a Alƙahira, babban birnin Masar.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Hatimi murabba'i ne mai gidaje. Ana zuba lambobi a cikinsa yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya: a kwance, a tsaye, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa. Ga mafi ƙanƙanta:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ku tara ku gani, kowane layi 15 ne. Don me? Idan aka tara lambobi daga 1 zuwa 9 za a samu 45. An raba 45 ga layi 3, kowane ya samu 15.

Malam Muhammadu ya san halin lambobi. Lamba iri biyu ce: cika da mara. Cika tana rabuwa biyu ba saura, kamar 2, 4, 6, 8. Mara tana barin saura 1, kamar 3, 5, 7, 9. Littafinsa ya yi bayanin hatimin da yawan layukansa mara ne: 3, 5, 7, har gaba. Irin wannan hatimi yana da gida guda a tsakiya. A namu 5 ce ta zauna can. Sauran lambobi suna fuskantar juna biyu-biyu, kowane biyu sun cika 10: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6. Lambobin cika kuwa sun kama kusurwoyi huɗu. Wanda ya gane wannan ba ya cika hatimi da kame-kame.

A Alƙahira ya sauka gidan wani babban malami, Hasan Aljabarti, wanda shi ma ya ɗauki ilimi a wurinsa. A gidan nan Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1741. Bai koma Katsina ba, amma har yau masana suna nazarin aikinsa.

Ƴan makaranta, lissafi ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Mutumin nan da haƙuri da naci ya kai har mutanen Masar suka zauna gabansa suna koyo.

Tambayoyi
1. Mutumin wane gari ne Malam Muhammadu? A ina ya rasu?
2. Mene ne bambancin cika da mara?
3. Don me kowane layi na hatimin nan ya ba da 15?

Aiki
Jimillar lambobi daga 1 zuwa 25 ita ce 325. Idan hatimi yana da layi 5, nawa kowane layi zai bayar?