Dan Anyiam, Wanda Ya Tara Rangers Bayan Yaƙi

Hausawa mazauna Inugu, Anacha da Fatakwal sun san sunan ne daga filin wasa na Owerri, ko da yake Dan ɗin nan Daniel ne aka gajarta.

Yana cikin tawagar Najeriya ta farko da ta je Ingila a 1949, akasarinsu suna taka leda ba takalmi. Daga bisani ya horar da ƙungiyar ƙasa.

Nauyi mafi girma ya hau kansa a 1970. Yaƙin basasa ya ƙare, Gabas tana cikin talauci, aka damƙa masa sabuwar ƙungiyar Rangers. A irin wannan hali, zaɓo samarin ya fi horar da su wuya. Rangers ta lashe gasar ƙasa a 1974.

Ya rasu a Yulin 1977, watanni kaɗan kafin ƙungiyar ta doke Canon ta Kamaru ta ɗauki kofin Afirka.