Kalibu Ɗan Yefunne

Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da Musa ya aike shi da waɗansu mutum 11 su leƙo ƙasar Kan'ana. Bayan kwana 40 suka komo. Goma suka karya zuciyar jama'a da labarin ƙattin Anakawa. Kalibu da Joshuwa kaɗai suka tsaya a kan alkawarin Ubangiji, har aka so a jajjefe su.

Mu dai, 'yan'uwa, haƙurinsa ne ya fi ba mu mamaki. Ya sha yawon jeji saboda laifin waɗansu, tsararsa suna ta mutuwa a gabansa. Da ya kai shekara 85 bai roƙi fadama ba, sai Hebron, tudun nan na ƙattin. Ya kuwa kori 'ya'yan Anak uku daga can.