Sarauniya Amina ta Zazzau: Gwarzuwar da ba ta hau kan kuɗin ƙasarta ba

A ranar 31 ga Mayun 2025, Firaministan Indiya Narendra Modi ya ƙaddamar da tsabar kuɗi ta rufi 300 a birnin Bhopal, domin cikar shekara 300 da haihuwar Sarauniya Ahilyabai Holkar, wadda ta mulki ƙasar Malwa daga 1767 zuwa 1795. A nan ƙasar tamu, matan da fuskarsu ta taɓa hawa sulalla duk baƙi ne: Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda dalarta ta azurfa ta daɗe tana yawo a kasuwannin Borno, sai kuma Sarauniya Elizabeth a kan sulen 1959. Amina ta Zazzau kuwa, kan sarki kawai ta samu, wanda aka buga a 1975 albarkacin Shekarar Mata ta Duniya.

Labarin da ya fi yaɗuwa ya nuna an haife ta wajajen 1533, 'ya ce ga Bakwa, mai mulki a Turunku, garin da ke kudu da Zariya. Ana cewa ta taso a fada, ta koyi hawan doki da riƙon takobi, ta yi suna a fagen daga a zamanin ƙanenta Karama, sannan ta gaje shi wajajen 1576. Sunan ƙanwarta Zariya ne, in ji masu wannan ruwaya, aka sanya wa birnin.

Sai dai rubutattun madogara ba su zo daidai da wannan lissafi ba. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wato fiye da ƙarni guda kafin lokacin da aka saba faɗa. Jerin sarakunan Zazzau ma bai kawo sunanta ba, abin da ya sa wasu masana ke ganin jagorar mayaƙa ce daga gidan sarauta, ba mai riƙe da gadon mulki ba. A ganina wannan saɓani bai rage mata daraja ba, domin marubutan Kano ba su da dalilin ƙirƙiro wata mace daga Zazzau su ɗora mata irin wannan ƙarfi.

Abin da littafin ya faɗa a kanta ya isa a tsaya a kai. Ya ce ta shafe shekara 34 tana cin garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, ana kawo mata gaisuwa, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wanda ya san matsayin goro a ƙasar Hausa, daga ɗaurin aure zuwa raɗin suna, zai gane cewa magana ce ta hanyoyin fatauci. Zazzau ce ƙofar kudu, kuma duk wanda ya riƙe ta, shi ke da iko da abin da ke shigowa daga kurmi. Ba za a ɓoye ba, cikin hajar wancan zamani har da bayi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya tabbatar da cewa ta yaƙi Kano da Katsina, kuma ta rasu a Atagara, wurin da ake dangantawa da yankin Idah a Jihar Kogi ta yau. Tatsuniyar cewa tana kashe duk namijin da ya kwana da ita kuwa, hirar baka ce da ta fi tarihin kansa farin jini.

Har yanzu tsofaffin ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa ana kiransu ganuwar Amina, bisa ruwayar cewa duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi. Sunanta na kan kwalejin 'yan mata da ke Kakuri a Kaduna, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas, an kuma yi fim a kanta a 2021. A kan takardun naira dai, mace ɗaya tilo aka karrama da sunanta, wato Ladi Kwali mai ginin tukwane, a bayan naira 20 tun daga 2007.