Warren Crecy, sojan tankin yaƙi

An haifi Warren Crecy a shekarar 1923, a garin Corpus Christi na jihar Tekzas, cikin ƙasar Amurka. Baƙin mutum ne, jikan bayin da aka kwashe daga Afirka. A zamaninsa baƙi da farare ba su zama makaranta guda, ko a soja ma raba su ake yi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Faransa ta kwashi samarin ƙasarmu zuwa gare shi, Crecy ya shiga soja. Aka sa shi bataliya ta 761, ta baƙaƙen sojoji masu tankin yaƙi. Tanki mota ce ta ƙarfe mai kauri, tana tafiya bisa sarƙa, da babbar bindiga a kanta. Manyan soja da yawa suna ganin baƙi ba za su iya da ita ba.

Cikin watan Oktoba 1944 suka sauka Faransa, ƙarƙashin Janar Patton. A watan Nuwamba Jamusawa suka harbe tankin Crecy. Bai gudu ba. Ya hau wata mota mai bindiga, ya ci gaba da faɗa. Washegari wani tankin nasa ya kafe cikin taɓo. Ya fito fili, harsashi na zuba kamar ruwan sama, ya riƙe bindiga yana kare ƴan uwansa masu tafiya ƙasa. Ga shi mutum mai sanyin magana, amma a fagen fama ba a tare gabansa.

Bataliyar ta yi kwana 183 tana yaƙi. Farkon Mayu 1945 ta isa ƙasar Otirish tare da wata runduna ta sojan ƙasa. Cikin wani kurmi suka tarar da sansanin Gunskirchen, inda mutanen Hitila suka tsare Yahudawa wajen 15.000, galibi daga ƙasar Hangari. Masu gadi sun riga sun tsere. Gawawwaki ko'ina, masu rai kuwa sai fata da ƙashi. Sojoji suka ba su ɗan abincin da ke gare su. Da yawa sun mutu bayan an buɗe ƙofa, don yunwa da cuta sun gama da su.

Crecy ya zama hafsa. Ya je yaƙin Koriya, ya samu mummunan rauni a 1952. Ya rasu a 1976. Sai a 1978 shugaba Jimmy Carter ya ba bataliyarsu lambar girma.