Utamaro: Mai zanen matan Edo da hoto ya ja wa ankwa

An haifi Kitagawa Utamaro a ƙasar Japan wajejen shekarar 1753. Ya koyi zane a hannun Toriyama Sekien a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, amma tauraruwarsa ba ta haska ba sai da ya haɗu da Tsutaya Juzaburo, mai buga littattafai da hotuna.

Sana'ar ta mutum huɗu ce. Mai zane ya zana a takarda, masassaƙi ya fitar da zanen a kan allon katako, mai bugawa ya shafa launi ya danna takarda, kowane launi da allonsa, mai kantin kuma ya zuba jari ya sayar. Da yake ana buga hoto ɗaya ɗaruruwa, talaka ma na iya saye.

Utamaro ya yi fice wajen zana mata: masu shan iska a bakin kogin Sumida, masu yawo cikin kwale-kwale, masu kallon furanni, da iyaye mata da 'ya'yansu. Daga farkon shekarun 1790 ya riƙa zana fuska da kafaɗa kawai, ta yadda mai kallo zai karanta halin macen daga idonta. Hotunansa da aka sani sun haura 2,000.

A 1804 ya zana Toyotomi Hideyoshi, wanda ya mulki Japan a ƙarshen ƙarni na 16, yana shagalin kallon furanni tare da matansa. Gwamnatin Tokugawa, wadda ta karɓe mulki daga gidan Hideyoshi, ta hana a nuna irin waɗannan shugabanni da sunayensu. Aka kama Utamaro, aka sa masa ankwa a hannu har kwana 50. Bai daɗe ba bayan haka, ya rasu a 1806.

Hotunansa sun isa Paris a ƙarni na 19, inda masu zane da masu tara kayan tarihi suka yi rububinsu. A 1891 marubucin Faransa Edmond de Goncourt ya wallafa littafi sukutum a kansa. Yau ana ajiye da ayyukansa a manyan gidajen tarihi na Japan, Turai da Amurka.