Labuwaziye, mutumin da ya gano numfashi cikin ruwa

Mai karatu, ka san akwai mutanen da ke kwana can sama, wajen kilomita 400 daga ƙasa? Tun shekarar 2000 ake zama cikin wani babban kumbo da ake kira tashar sararin samaniya. Wasu su sauko, wasu su hau. A wajen kumbon babu iska ko kaɗan. To, da mi suke numfashi? Da ruwa! Bari ka ji labarin wanda ya fara nuna hanya.

Sunansa Antuwan Labuwaziye. An haife shi a birnin Pari na ƙasar Faransa a 1743. Ɗan masu kuɗi ne. Ya yi karatun shari'a, amma hankalinsa yana wajen binciken abubuwa. Halinsa ɗaya ne: kome zai taɓa, sai ya ɗora shi bisa sikeli, kafin aiki da bayan aiki. A 1771 ya auri Mari-An, tana ƴar shekara 13. Ta koyi Ingilishi, tana fassara masa littattafai, tana zana kayan aikinsa.

A 1774 wani masani ɗan Ingila mai suna Firisli ya zo Pari. Ya ba shi labarin wata iska da ke sa kyandir ya ci bal-bal. Labuwaziye ya yi ta gwaji har ya gane iskar da muke shaƙa gauraye ce. In ka kasa ta kashi 5, kashi 1 kawai ke raya mutum, shi ne kuma ke raya wuta. Shi ya raɗa mata suna oksijan. Ka tuna murhu: in kika fifita gawayi, ke uwargida, oksijan kike ƙara masa.

Ya sa ɓeran Masar cikin wani akwati da ƙanƙara ta kewaye, ya auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar. Nan ya gane numfashi ma wata irin wuta ce mai ci a hankali cikin jiki.

Babban aikinsa shi ne na ruwa. A da masana sun ɗauka ruwa ba ya rabuwa. A 1783 ya ƙona wata iska maras nauyi, haidirojan, tare da oksijan. Mi ya fito? Ɗigon ruwa. Daga baya ya bi da tururi ta cikin bututun bindiga da ya yi ja wur. Ƙarfen ya kama oksijan, haidirojan ta fita ta ɗaya bakin. Ashe ruwan randarka iska biyu ce a haɗe.

Wannan sani shi ake amfani da shi a kumbo yau. Manyan farantai suna maida hasken rana lantarki. Lantarkin ya ratsa ruwa, ya raba shi biyu. A sako oksijan cikin ɗaki, mutane su shaƙa. Mutum ɗaya yana bukatar kusan kilo 1 na oksijan a rana, kuma lita 1 ta ruwa tana ba da kusan haka. Ruwa na da tsadar kaiwa sama, don haka har zufa da fitsari tace su ake, a sake amfani da su.  A 1800, bayan rasuwarsa, an gwada wannan dabara ta lantarki a Ingila.

Ina ya samu kuɗin kayan bincike? Tun 1768 ya shiga kamfanin masu karɓar haraji don sarki: harajin gishiri, na taba, na kayan da ke shiga birni. Talakawa sun sha wuya a hannun kamfanin nan, kuma ba zan wanke shi ba. Da aka yi juyin juya hali a 1789, fushin jama'a ya tashi. Aka kama masu harajin. Ranar 8 ga watan Mayu 1794 aka yanke masu hukunci, a ranar kuma aka sare kawunansu, su 28, har da shi da surukinsa. Yana da shekara 50. Mari-An ta rasa uba da miji rana ɗaya. Da aka maido mata takardunsa, ta tattara wasu ta sa aka buga su, ta rarraba wa masana.