Charles Darwin da Ciwon da Ya Gagari Likitocin Zamaninsa

An haifi Charles Darwin a Shrewsbury, ƙasar Ingila, ran 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa likita ne, ya kuwa so ɗan ya gaje shi, amma yaron ya bar karatun likitanci a Edinburgh domin ba ya iya kallon fiɗa. Hankalinsa duk yana ga ƙwari da tsirrai da duwatsu. A 1831 ya shiga jirgin ruwan nan Beagle, suka yi kusan shekara biyar suna kewaya duniya.

Cikin watan Maris na 1835 ya kwana a ƙauyen Lujan, kusa da Mendoza a Ajantina. Da dare wani baƙin ƙwaro mai shan jini, wanda ya fi kuɗin cizo girma nesa, ya yi ta cizonsa. Ya rubuta labarin, ya ci gaba da tafiyarsa.

Bayan komawarsa gida sai lafiya ta ƙi. Amai, kumburin ciki, bugun zuciya da kasala suka riƙe shi wajen shekara 40, likitoci suka rasa kan abin. A wannan hali ne, yana aikin sa'o'i kaɗan a yini, ya wallafa littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859, wanda ya ta da gardama mai zafi. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, yana da shekara 73.

Sai a 1909 wani likitan Birazil, Carlos Chagas, ya gano cewa wannan ƙwaro yana ɗauke da ƙwayar cuta, dangin wadda ƙudan tsando ke yaɗa ciwon barci da ita. A kashin ƙwaron take. Mutum ya sosa wurin cizo, ta shiga jini, bayan shekaru ta lalata zuciya ko hanji. A 1959 Farfesa Saul Adler ya kawo ra'ayin cewa ita ce ta addabi Darwin.

Ra'ayin yana da ƙarfi, amma da sauran magana. Darwin ya yi fama da bugun zuciya a Plymouth tun kafin jirgin ya tashi, kana ciwon ya lafa a shekarunsa na ƙarshe, alhali cutar Chagas ƙaruwa take yi da tsufa. Shi ya sa waɗansu masana suka karkata ga damuwa, waɗansu ga rashin narkewar madara a cikinsa. Gwajin jinin da zai raba gardamar kuwa, ba a san shi ba sai bayan an binne Darwin a Westminster.